Waɗanda rikicin kujera ya taɓa raba musu coci, ku zo mu ji yadda ta kaya

Ɗan Rogo:
Salama 'yan'uwa. A wajenmu yanzu sujada biyu ake yi ran Lahadi, wasu a cikin coci wasu a gindin darbejiya ƙofar gidan wani dattijo, kuma fa duk ƙauyen mu masu bi ba wani yawa gare mu ba. Daga zaɓen dattawa abin ya faro, matasa suka ce ma'aji ya daɗe ya sauka haka nan, shi kuma ya ce ai ubansa ne ya ba da filin da aka gina cocin, fasto ya goyi bayan matasa, shi kenan aka ja daga. Wanda irin wannan ta taɓa faruwa a wajensu ya ba mu labari. Dan Allah kar a kama sunan cocinku ko na fasto, ba tonon silili muka zo yi ba.

Maman Ladi, Sumaila:
Hmm ɗana ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mu namu kan hatsin godiya ne. Bayan kaka kowane gida ya kai dawa da gero da masara, aka zuba a sito, makulli ɗaya wajen fasto ɗaya wajen ma'aji, da aka zo ƙirga buhuna wai ba su cika ba. Ba wanda ya ga wani da buhu a ka, amma magana ta riga ta fita. Wata bai zagayo ba sai ga takardar canji daga sama an ɗauke faston, rabin coci suka ce sharri aka yi masa su ba za su karɓi sabon ba. Mu zumuntar mata muka fi shan wuya don tukwanen biki da kujerun roba da kuɗinmu muka saya, adashi muka yi, sai ga shi ana gardamar na wane ɓangare ne. Ni da matar ƙanin mijina gida ɗaya muke, anko ɗaya, waƙa ɗaya muka iya, amma ran Lahadi ta yi gabas in yi yamma, mu dawo mu tuƙa tuwo a murhu ɗaya ba mai ce wa wani ya sujada.

Tsohon Soja, Roni:
Ku yara kuna ganin kamar yau aka fara. Na yi aiki a Takum cikin Taraba, can na ga wadda ta fi taku. Cocin Reformed da ke can asalinta aikin mishan ɗin SUM ne, wato Sudan United Mission, wata Baturiya 'yar Amurka Johanna Veenstra ta zauna a Lupwe kusa da Takum tana bishara har ta rasu a 1933, a Vom ta Filato aka binne ta. A 1940 cocinsu ta Amurka ta karɓi aikin yankin gaba ɗaya, ekklisiya ta girma aka sa mata EKAS Lardin Benue, wato Ekklisiyar Kristi a Sudan, ita ce CRCN (Christian Reformed Church of Nigeria) ta yanzu. Tsarinsu ma ba na bishop ba ne, dattawa ke riƙe da coci, magana ta tashi daga majalisar ƙauye zuwa gunduma zuwa babbar majalisa, wai don kar mutum ɗaya ya zama sarki. To duk da haka a 1973 Kutebawa da yawa suka fice, suna ganin an mai da su saniyar ware a shugabanci, ga kuma tsohuwar tsama tsakaninsu da Jukunawa da Chamba kan sarautar Takum. Su ne RCCN yau, wato Reformed Church of Christ for Nations. Na shiga sujada a duka biyun, koyarwa ɗaya, baftismar jarirai ɗaya, waƙoƙin Hausan nan namu su ma su suke yi, hedkwatarsu duk a Takum, kuma duk suna cikin TEKAN, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya. In ba allon ƙofa ka karanta ba ba ka sanin wacce ka shiga.

Matashi daga Karaye:
Baba na gode da tarihi amma mu nan ai duk Hausawa ne, kakanninmu Maguzawa ɗaya, ba Kuteb ba Jukun, kuma bai hana ba. Mu abin da ke cin mu 'yan gida da 'yan birni ne. Waɗanda suka yi boko suna aiki a Kano su ke turo kuɗin kwano da siminti, sai su ga ai su ya kamata su faɗi wanda zai zama sakatare, alhali sai Kirsimeti muke ganinsu. Manomin da ke buga wilin mota da asuba yana kiran addu'a ba a tambayarsa.

Tsohon Soja, Roni:
Haka ne ɗana, amma ka sani wanda ke biya shi ke magana tun zamanin Turawa. Nan ƙasar Kano mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ce ta yi aikin, makarantar maza a Roni, ta Littafi Mai Tsarki a Tofa, asibitin ido a birni, na kutare a Yadakunya. An kafa ECWA, cocin da ta fito daga aikin SIM, a 1954 amma asibitoci da sauran kadarori sai 1976 mishan ta miƙa su. Iyayenmu ba su saba riƙe asusu ba, Bature ke riƙewa, rana ɗaya aka ce ga makulli.

Matar mai bishara, Tudun Wada:
Ni dai abin da ba na mantawa ranar da wata tsohuwa ta rasu ana tsakiyar rigimarmu. 'Ya'yanta biyu ɗaya nan ɗaya can, kowa ya kira nasa faston, an haƙa kabari gawa na kwance cikin zana rana ta take ana musun wa zai yi addu'a. Maƙwabtanmu Musulmi da suka zo gaisuwa suna zaune a kan tabarma suna kallonmu. Ƙarshe dagaci ne, shi ma Musulmi, ya miƙe ya ce ɗaya ya yi karatu ɗaya ya yi addu'a a rufe baiwar Allah. Maigidana ya kwana bai ci abinci ba. Albashinsa ma lokacin ya tsaya don baiko ya rabu biyu, da ƙuli-ƙulin da nake soyawa muka riƙe gida har damina.

Ɗan Rogo:
Mama to ku kun koma ɗaya daga baya?

Matar mai bishara, Tudun Wada:
Mun koma amma ba duka ba, gida uku har yau suna hawa babur zuwa wani ƙauye. Wakilai suka zo daga gunduma aka zauna, aka sauke dattawan duka aka sake zaɓe, aka sa wa'adi, kuma yanzu baiko a gaban jama'a ake ƙirgawa a karanta kafin a tashi. Ku fara neman takardar filin nan taku, in kyauta ce a rubuta dagaci ya sa hannu tun tsohon yana raye.