Gangare Ko Hawa: Rigima a Zauren Malaman Lissafi na Zariya

Malam na Samaru: Jama'a, abin ya ishe ni. Yara sun haddace y = mx + c, ƙa'idar miƙaƙƙen layi, kamar karatun allo, amma a ba su ɗigo biyu su fitar da layi, sai ido. Ga (1, 3) da (4, 9). Bambancin y, 9 − 3 = 6, a raba da bambancin x, 4 − 1 = 3. Gangaren layin, wato m, ya zama 2. A zuba ɗigo ɗaya, (1, 3), a cikin ƙa'idar don a samo c, wato darajar y idan x sifili ne: 3 = 2(1) + c, c = 1. Layin shi ne y = 2x + 1. Doguwar dabarar ɗigo biyu da ake tilasta musu haddacewa ɓata lokaci ce, a daina koyar da ita.

Ɗan Tudun Wada: Allah gafarta Malam, wane gangare? Idan m = 2, duk taku ɗaya zuwa dama layin ya hau biyu. Hawa ne wannan.

Malam na Samaru: Mai hawan dutsen Kufena da mai saukowa, ai hanya ɗaya suke bi.

Malama ta Kongo: A'a Malam, a lissafi daga hagu ake karantawa zuwa dama. Gangare na gaskiya sai m ta fito da alamar ragi. Duba (−2, 5) da (3, −5): bambancin y, −5 − 5 = −10, bambancin x, 3 − (−2) = 5, m = −2. Nan yara ke faɗuwa, su rubuta 3 − 2 = 1, m ta koma −10.

Baba na Kofar Doka: Ku 'yan Samaru kullum sai kun ƙirƙiro mana kalma. A ce karkata, a huta.

Ɗan Tudun Wada: Baba, to layin x = 2 da ya miƙe tsaye fa? Ina ya karkata? Bambancin x sifili ne, ba a raba lamba da sifili, m ma babu ita.

Baba na Kofar Doka: Yaro, gyara ni za ka yi?

Shugaban zaure: Ya isa haka. An dai yarda Baba ne da gaskiya, karkata ce kalmar.

Malama ta Kongo: Ranka ya daɗe, wa ya yarda? Mu huɗu ne, mutum ɗaya ya faɗe ta.