Neman kalma: kuɗi guda, ƙasashe da yawa

Mai shiri, Birnin Kebbi: Salam 'yan uwa, gobe da safe ina da shiri a rediyo kan Eco, kuɗi guda ɗin nan na ƙasashen ECOWAS da ta ɗage fitowarshi zuwa 2027, "single currency" mi za mu ce mishi? Kuma zan kawo misalin Yuro, yadda ƙarafansu gefe guda iri ɗaya ne ko'ina ɗaya gefen kuma kowace ƙasa da tambarinta amma ana kashe na Faransa a Jamus, su kuma sulalla zan ce ko tsaba?

Ɗan Kamba: Kuɗin bai ɗaya mana Hajiya. Kuma mi ya kai ki Turai ga sefa bakin ƙofa? Ƙasashe 8 ka kashe ta, babban bankinsu na Dakar, jikar da ka amsa Gaya ta Nijar ita za ka kashe Malanbil ta Benin ba canji. Tsaba kuma kuɗi hannu ne ko da takarda ce, sulalla dai.

Malamin Argungu: Bai ɗaya bai cika ba, yunifom ma bai ɗaya ne. Ni dai GAMAKUƊI nake koya wa ɗalibaina, gajera ce ga daɗin faɗi. Sule kuma shilin ɗin Bature ne, a ce wuri, ai da wuri kakanninmu sunka yi ciniki har Gwanja.

'Yar Yawuri: Baba malam gamakuɗi kuma? Mai sauraro zai zaci kuɗin sun ƙare ne 😂

Malamin Argungu: Da Bakano ya ƙirƙiro ta da tuni kun haddace, namu ne kullum abin dariya.

Ɗan Kamba: Malam in an kori sule sai a kori kwabo ma. Kuma sefar da nake yabo ɗaure take da Yuro, sefa 655.957 kan Yuro guda ba ta motsi, ku fara nemo ma wannan ɗaurin suna.

'Yar Yawuri: Kuɗin gamayya fa? Tarayya dai a'a, sai a ɗauka na Abuja ne.

Mai shiri: To na gode, zan ce kuɗin bai ɗaya sai in fassara da na gamayyar ƙasashe, sulalla kuma suna nan. Malam a yi haƙuri.

Malamin Argungu: Ba komai ɗiyata. Ajina dai gamakuɗi ne.