Ilektirod ɗin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa, me za mu kira shi?

Maman Hanif: Salamu alaikum jama'a, don Allah a agaza min, ran Juma'a nake da shirin lafiya a rediyo kuma likitan da zan yi hira da shi duk da Turanci ya turo min bayanin. Maganar ilektirod ce da ake dasawa a ƙwaƙwalwa, irin wanda ake sa wa masu cutar Parkinson mai sa karkarwa, da sabbin kayan da ake ƙera shi da su. Ita ƙwaƙwalwa laushi gare ta kamar awara, shi kuma silikon ko ƙarfen platinum tauri gare shi, sai jiki ya ɗauke shi kamar sartse ya zagaye shi da tabo, a hankali saƙon lantarki tsakaninsa da jijiyoyi ya riƙa dusashewa. Kalma nake nema wadda kowa zai gane.

Abba Fagge: Allurar lantarki kawai Hajiya. Wanda aka ƙera a jami'ar Utah ai allurai 100 ne jere a kan ɗan faranti da bai kai farce ba.

Injiniya Sani: Abba allurar ake gudu yanzu fa. Na kamfanin Neuralink da aka dasa wa mutum a Janairun 2024 zare ne guda 64 da suka fi gashi siranta, kuma kana cewa allura tsohuwa a Gwammaja za ta ɗauka magani ake ɗurawa. A bar shi ilektirod, masu walda ma haka suke cewa.

Malam Sabo: A'a Injiniya, wannan kasala ce. Masanin kimiyya Michael Faraday ne ya kawo kalmar a 1834, kuma daga Girkanci take, ƙarshenta hanya yake nufi. Su ma ƙirƙira suka yi. Ni mashigin lantarki nake koya wa ɗalibaina shekara da shekaru, ta nan lantarki ke shiga.

Injiniya Sani: Malam da girmanka, ai ba shiga kaɗai yake ba, wani ɗauko saƙon jijiya yake ya fito da shi. Kuma lantarkin kansa daga ina muka samo shi?

Malam Sabo: Lantarki ya zauna, kakanninmu sun tanƙwara shi har ya bi bakinmu. Ku kuma so kuke ku haɗiye Turanci ɗanye don a ce kun yi boko, wallahi abin yana min ciwo, kullum sai a ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Abba Fagge: Ba wanda ya raina Hausa Malam, amma in kalma ba ta shiga bakin 'yan kasuwar Sabon Gari ba a takarda za ta mutu.

Maman Hanif: Don Allah ku dawo, saura kwana biyu. Shi abin da ake shafa wa bakin ilektirod ɗin fa? Likitan ya rubuto PEDOT, wata roba mai ɗaukar lantarki, da girafin, da wani abu mai kama da kamu da ke riƙe ruwa don jiki ya sake da shi.

Injiniya Sani: Wannan mai sauƙi ne, yadda ake yi wa sarƙa ruwan gwal, ki ce an yi masa ruwan PEDOT. Girafin kuwa ki ce gawayi ne shimfiɗe mai kaurin atom ɗaya, a Manchester aka fara ɓanɓaro shi a 2004.

Malam Sabo: Ruwan na yarda da shi, wannan Hausa ce. Ilektirod ne dai ban yarda ba.

Maman Hanif: To zan faɗi ilektirod sau ɗaya a farko, in ce wato mashigin lantarki, daga nan in bi da zare ko allura gwargwadon wanda likita yake magana a kai.

Malam Sabo: Ki fara da mashigin, ilektirod ɗin ya biyo baya.