Kwazazzabo da kwarmin dutse a tsaunukan Sikotland: ina ya fi dacewa?

Hajiya Binta: Assalamu alaikum. Yarana sun karanta yadda ruwa ke huda dutse, kuma ina so su gani da idonsu. Wane wuri za ku ba ni shawara mu je?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ku nufi Linn of Quoich, wani matsatsin wuri a kogin Quoich, kusa da ƙauyen Braemar. Akwai kwarmi zagayayye a tsakiyar dutsen kogin, wanda tsakuwa ta sassaƙa, domin idan ruwa ya yi ƙarfi yakan riƙa juya ta a wuri ɗaya shekara da shekaru har dutsen ya zama kamar turmi. Ana ba da labarin cewa a 1715 basaraken yankin, wato na Mar, ya cika shi da abin sha ga magoya bayansa kafin su yi tawaye.

Yaya Rabi: Hajiya, kafin ki tafi da yara ki saurare ni. Mun je bayan an kwana ana ruwa, kuma dutsen da ke gefen kwarmin, wanda daga nesa ya yi kamar busasshe, ashe gansakuka ce ta lulluɓe shi. Ƙanwata ta taka da takalmi mai sulɓin ƙasa, ta zame, ta gurɗe ƙafa, ga kogi yana ruri a ƙarƙashinta, ga wayarmu babu sabis. Sai da muka tallabe ta har wurin mota. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku riƙe hannun ƙananan, kada kowa ya sauka kan dutsen don ɗaukar hoto.

Hajiya Binta: Subhanallahi! Allah Ya ƙara kiyayewa.

Alhaji Garba: Ni kwazazzabon Corrieshalloch zan zaɓa, kusa da garin Ullapool. Zurfinsa ya kai mita 60, kuma daga kan gadar da aka gina a 1874 ake kallonsa.

Malam Sani: Alhaji, wannan ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne ya tsaga shi, alhali kwarmi Hajiya take so yaran su gani kusa da kusa.

Alhaji Garba: Malam, ai ruwan ƙanƙara ma ruwa ne, kuma tsayuwa a bayan shinge ta fi mini kwanciyar hankali.

Yaya Rabi: Duk inda kuka zaɓa, daga Yuni zuwa Agusta ƙananan ƙwari masu cizo suna yawa, don haka ku tanadi maganin shafawa.