Musayar waƙa: Banu Isra'ila a hannun Fir'auna

Ɗan Magina:
Ƙwar biyu ce, amsa-amon "na". Mai baiti ya shigo.

Banu Isra'ila a ƙasar Masar,
Suna taka laka a tsakar rana.
A yanka ɗa namiji, a bar mace,
Haka doka take gun Fir'auna.
Bulala a baya, addu'a a baki,
Ba su saki igiyar Rabbana.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ɗan Magina ka maƙale a laka,
Ka bar uwar da ta kasa kwana.
Ta sa jaririnta cikin akwati,
Ta miƙa wa Nilu shi amana.
Ta ce da 'yarta ki bi sawunsa,
To a ranar nan mazan suna ina?

'Yar Fagge:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! Kin kayar da shi tun bai tashi ba.

Ɗan Magina:
Hajiya, ba ki taɓa kwaɓi ba,
Ƙafarki ba ta san faso da ƙuna.
Na ga tafin babana ya tsattsage,
Da shi nake auna wuyar magina.
Mazan da kike nema suna rami,
Da tubali a ka, ba damar zauna.

Ɗan Wusasa:
Ni ba mawaƙi ba ne, amma a Littafin Fitowa na Littafi Mai Tsarki, sura 5, an hana su ciyawar da ake kwaɓa tubali da ita, aka ce su nemo da kansu, adadin kuma kada ya ragu. Biranen ajiya biyu suka gina, Fitom da Ramases.

Malam Na Arudi:
Ku yi haƙuri, ɗangon Hajiya na ƙarshe ya fi 'yan'uwansa tsawo, kari ya karye. Kai ma Ɗan Magina, "damar zauna" amsa-amo ka tilasta wa, "damar zama" ake cewa.

'Yar Fagge:
Malam, kullum gyara! Kawo naka mu gani.

Malam Na Arudi:
Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, 'yata.

Baba Na Damagaram:
Na makara, jiya ba wuta. 'Ya'yana, ku duba Suratul A'arafi, aya ta 128 da 129.

Sun ce da Musa an cuce mu,
Gabaninka, bayanka muna ta ƙuna.
Ya ce ku nemi taimakon Allah,
Ku yi haƙuri, shi da Haruna.
Aka ce su mai da ɗaki alƙibla,
Su yi salla ɓoye ga su Hamana.

Malam Na Arudi:
Baba, baitin ƙarshe na Suratu Yunus ne, aya ta 87. Kuma Ɗan Magina ya riga ya ɗauki "ƙuna", ka maimaita masa ita.

Hajiya Mai Alƙalami:
A bar wa Baba "ƙuna". Ɗan Magina, ina zuwa da baitin Asiya matar Fir'auna bayan La'asar, ka shirya.