An yi wa matata maganin taifod alhali ciki ne a wajen mahaifa: ko doka ta ba mu damar neman diyya?

Maigidan Marar Lafiya:
Assalamu alaikum. Matata ta je wani asibiti da ciwon mara da jiri, ta kuma shaida wa likita cewa al'adarta ta yi jinkiri, amma ya ce taifod ne da maleriya, ya rubuta mata allurai ba tare da gwajin ciki ko sikanin ba. Daga baya ta yanke jiki ta faɗi cikin dare, muka garzaya da ita wani asibitin, inda aka gano cikin ya zauna a bututun mahaifa har ya fashe. An yi mata tiyata an cire bututun, an kuma ƙara mata jini. Dangi suna cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Shin akwai hanyar bin haƙƙinta?

Lauya Daga Kaduna:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara mata lafiya. Kotu ba ta kama likita don kawai ya kuskure cuta, domin cututtuka da yawa suna kama da juna. Abin da take dubawa shi ne ko ya yi abin da matsakaicin ƙwararren likita zai yi a irin wannan hali, wato ma'aunin shari'ar Bolam ta Ingila ta 1957, wanda kotunan Najeriya suke amfani da shi. A ganina hujjarka tana nan: macen da ke shekarun haihuwa, mai ciwon mara da jinkirin al'ada, gwajin fitsari mai araha ya isa ya sauya tunanin likita. Sai dai dole wani likitan ya tsaya gaban alƙali ya faɗi haka, kuma a nan ƙararraki da dama suke mutuwa, saboda likitoci ba sa son ba da shaida a kan junansu. Bayan haka sai ka nuna cewa jinkirin ne ya jawo cutarwar, domin lauyan asibiti zai ce ko da an gano da wuri, da bututun bai tsira ba. Ka nemi kwafin fayil ɗinta yanzu, tare da rahoton tiyatar da rasit na kowane kuɗi da ka kashe.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yallaɓai, ka kula da lokaci. Idan asibitin gwamnati ne, Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara. Akwai kuma hukumar MDCN mai kula da likitoci, wadda ake kai wa ƙorafi da takardar rantsuwa. Kotun ladabtarwarta tana iya yi wa likita gargaɗi, ko dakatar da shi har wata 6, ko soke sunansa daga rajista, amma ba ta biyan diyya. Wannan aikin babbar kotu ne.

Ɗalibin Fiƙihu:
Imani da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi wa wani magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne mai lamuni, wato alhakin ɓarnar na kansa, kuma malamai sun haɗa da ƙwararren da ya yi sakaci. Yafewa ma haƙƙin matar ne, ba na dangi ba.

Maigidan Marar Lafiya:
Na gode ƙwarai. Asibitin farkon na kuɗi ne, kuma sun ce fayil mallakarsu ne, ba za su bayar ba.

Lauya Daga Kaduna:
To wa'adin wata 3 bai shafe ku ba, kodayake dokar jiha tana da nata wa'adin. Ka sa lauya ya rubuta musu da sa hannun matarka, domin ita ce mai ƙara. Idan suka ƙi, kotu tana da ikon umartar su su gabatar da shi.