Gyambon bakin Babanmu ya kai wata biyu bai warke ba, ina neman shawara

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Tawa nake rubutu. Babanmu ya haura shekara 60, kuma tun ina yaro na san shi da ƴar battarsa: ya murza garin taba da kanwa, ya cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, ya zauna rumfarsa ta albasa har la'asar. Bara wurin ya yi fari fat, ko an goge ba ya fita. Yanzu gyambo ne kamar faɗin dala biyar, gefensa ya yi tauri, in ya ci tuwo sai jini. Mun sayi maganin kurkura a farmasi, ya sha ƙwayoyi, Inna ta jiƙa masa bagaruwa, shiru kake ji. Shekaranjiya na tarar da shi yana jiƙa burodi cikin shayi, mutumin da ba ya kwana bai ci tsire ba, sai da na fita waje na share hawaye.

An ce mu kai shi Yamai a yanki ɗan naman wurin a auna. Shi kuwa ya kafe, wai idan daji ne ba ya son ƙarfe, da an taɓa sai ya bazu. Don Allah gaskiya ne?

Majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Malam lafiya. Ba zan ce maka sankara ce ba, ido kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. Amma duk gyambon baki da ya wuce sati uku bai warke ba, balle a daidai inda ake ajiye taba, dole a auna shi. Yau ɗin nan ka shafa masa ƙarƙashin haɓa da gefen wuya, ka ji ko akwai kaluluwa mai tauri, ka gaya wa lokotoro.

Maganar ƙarfe na sha jin ta a wurin aiki, kuma na san inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfi. A yi awo, bayan wata uku mutum ya rasu, sai dangi su ɗora wa wuƙa laifi, alhali ciwon ya riga ya yi nisa. Naman da ake ɗauka ɗan mitsitsi ne, da allurar kashe zafi, a ɗinke, mutum ya tashi da ƙafarsa.

A jihar Kerala ta Indiya an yi babban bincike tun daga 1996. Ma'aikatan lafiya ne suka riƙa bin gida-gida da fitila suna duba bakin mutane. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba ko giya. Fitila da ido kawai fa! Abin da ke ci mini rai shi ne, da an leƙa bakin Malam tun wurin yana fari, da aikin ya fi sauƙi.

Ɗalibar likitanci:
Baba Majo ya gama magana. Abin da zan ƙara, yayana, battar nan a raba shi da ita tun kafin awo. Kanwa tana sa nikotin ya shiga jini da sauri, shi ya sa bari ke wuya. A Sudan suna da irinta, tumbak, taba ce da kanwa, kuma masu bincike sun samu sinadaran haddasa sankara masu yawan gaske a cikinta. Wasu suna cewa goro ma haka, amma wanda aka tabbatar a kansa ƙwallon areka ne da ake taunawa a Indiya, ba goronmu ba.

Uwar gida, Yamai:
Ƙanena, na yi jinyar mijina da irin wannan, a gefen harshe. An yi masa tiyata, sannan gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a cibiyar yaƙi da sankara ta nan Yamai, wadda ta fara aikin gashi a 2021. Kafin a fara sai da aka cire masa ruɓaɓɓun haƙora biyu. Lokacin gashin bakinsa ya bushe ƙayau, ya daina jin ɗanɗanon gishiri, kunun gyaɗa da fura mai ruwa-ruwa nake ba shi da cokali. Mun sha wuya, kuɗi sun tafi, amma yau yana cin shinkafa yana zuwa masallaci. Ku zo da takardar turawa da duk ordonansin, wato takardun magani, da aka taɓa rubuta masa, ku nemi masauki tun kafin ku taso, don sakamakon awo yakan ɗauki kwanaki. Kuma kada kai ka yi gardama da shi, tsoho ba ya son ɗansa ya koya masa. Ka tura wanda yake jin nauyinsa.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Majo, na shafa wuyan, akwai ɗan ƙullutu ɗaya a hagu kamar ƙwayar gyaɗa. Da daren nan zan je wurin Kawu Liman, tare suka yi karatun allo, maganarsa ce kaɗai Baba ba ya tsallakewa. Yaya, motar safe nake so mu bi ranar Lahadi in ya yarda. Wace unguwa ce ta fi kusa da cibiyar?